Katangar Gilashi a Ofis: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin da aka yanka ɗaki-ɗaki da bulo ya san yadda abin yake. Masu ɗakunan gefe sun kwashe tagogi, na tsakiya kuwa ƙwan lantarki ne ranarsu tun safe har lokacin tashi. Wanda kuma ya zauna a babban zauren da babu shamaki ko ɗaya ya san ɗaya wahalar: ba ka gama karanta layi uku sai wayar wani ta katse ka. Katangar gilashi tsakanin waɗannan biyun take. Ga tambayoyin da masu shirin gyara ofis suka fi yi a kanta.

Mene ne ainihin amfaninta, wanda bango ba zai yi ba?

Bango yana tare abu uku a lokaci guda: haske, gani da sauti. Ba ya zaɓe. Buɗaɗɗen ofis kuma yana sakin dukkan ukun. Gilashi shi ne kayan ginin da ke ba ka damar rarraba su. Ka tsare sauti, ka bar haske ya wuce, sannan ka yanke wa kanka hukunci a kan gani: ko a ga komai, ko a ga inuwar mutum kawai, ko kada a ga komai. Duk sauran fa'idojin da ake lissafawa, irin su kyan gani da sauƙin sharewa da saurin kafawa, rassa ne. Wannan shi ne tushe.

Idan aka manta da shi sai a sayi gilashi don ado kawai, a ƙare da ɗakin da ana ganin na ciki kuma ana jin maganarsa. Irin wannan ɗakin gara bango da shi, gara ma buɗaɗɗen zaure, domin a zaure aƙalla mutum ya san ana jin sa, zai sassauta murya.

Daga ina wannan tsari ya samo asali?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko shi ne sauƙin samun gilashin kansa. Kafin tsakiyar ƙarni na 20, babban gilashi mai santsi sai an goge fuskokinsa biyu da injuna, aiki mai cin lokaci da kuɗi. A shekarar 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana sabuwar hanyar da Alastair Pilkington ya jagoranci ƙirƙirowa: ana zuba narkakken gilashi a kan narkakken kuza, ya baje da kansa ya fito sumul ba tare da guga ba. Kusan duk faffaɗan gilashin da ke cikin gine-gine a yau ta wannan hanya ake yin sa.

Na biyu shi ne gajiya da tsare-tsaren da suka gabata. A shekarun 1950 wasu masu tsara ofis a Jamus suka kawo salon rushe ɗakuna a zuba tebura a fili ɗaya. A 1968 kamfanin Herman Miller na Amurka ya fitar da tsarin Robert Propst na gajerun shamakai da ake iya haɗawa a kuma kwance su, wanda daga baya kamfanoni suka matse shi ya koma 'yan akwatunan nan da ake cusa ma'aikata ciki. Da aka gaji da akwatuna sai aka koma buɗaɗɗen fili, da fatan mutane za su riƙa magana da juna. Sai ga binciken Ethan Bernstein da Stephen Turban na Jami'ar Harvard a 2018. Sun bi diddigin ma'aikatan manyan kamfanoni biyu kafin a cire shamakai da bayan an cire, suka tarar hira fuska da fuska ta ragu da kusan kashi 70 cikin 100, saƙonnin imel kuma sun ƙaru. Mutum in ya rasa inda zai keɓe, sai ya sa abin kunne ya keɓe kansa. Wannan ne ya sa ƙananan ɗakunan gilashi suka yawaita a cikin manyan zaure.

Da gaske hasken rana yana da wani tasiri, ko dai maganar masu talla ce?

Yana da shi, kuma a ganina nan ne gilashi ya fi cin kuɗinsa.

Masu zanen gini suna da wani ƙiyasi da suke aiki da shi: hasken taga mai amfani yakan kutsa cikin ɗaki kimanin ninki biyu na tsayin saman tagar daga ƙasa. Idan saman taga yana mita 2.5, hasken zai kai wajen mita 5. To idan aka gitta bango a mita 3 don a yi wa manaja ofis, an yanke hasken tun bai ƙare ba, kuma duk wanda ke bayan bangon ya rasa ko ganin sararin sama. Gilashi garai yana barin kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na hasken da ido ke gani ya wuce. Manaja ya samu ɗakinsa, na bayansa ba su shiga duhu ba.

Jikin mutum da hasken rana yake saita agogonsa na barci da farkawa. A 2014 masu bincike daga Jami'ar Illinois da Jami'ar Northwestern sun kwatanta ma'aikatan da ke aiki kusa da tagogi da waɗanda ba su da taga, suka ga na farkon suna samun ƙarin barci kimanin minti 46 a dare. Mutum 49 ne kawai aka yi binciken a kansu, don haka ba adadin ne abin riƙewa ba, alƙiblar ce. Ga kuma hutun ido. Wanda ya wuni yana kallon allon kwamfuta a nisan hannu yana buƙatar ya ɗaga kai lokaci-lokaci ya hangi nesa. Bango yana hana wannan, gilashi yana bayarwa.

Maganar rage kuɗin lantarki kuwa tana da sharaɗi. Ƙa'idar Turai ta ce teburin karatu da rubutu yana buƙatar haske laks 500 (laks ma'aunin ƙarfin haske ne). Idan rana ta kawo rabin wannan amma fitilu suna ci gaba da ci da cikakken ƙarfi, ba a rage ko sisi ba. Sai an raba makunnan fitilu, layin kusa da taga daban, na tsakiya daban, ko a sa na'urar da ke dusashe fitila da kanta idan rana ta yi ƙarfi.

Gilashi yana tare magana kuwa?

Yana tarewa, amma ba kowane iri ba, kuma ba a kowane irin kafi ba. Wannan ita ce tambayar da aka fi yin nadama a kanta, don haka bari mu tsaya.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. Duk ragin desibel 10, kunne yakan ji kamar ƙarar ta ragu da rabi. Gilashi falle ɗaya mai kaurin milimita 10 zuwa 12 yakan rage desibel 30 da 'yan kai a ɗakin gwaji, wato bai yi nisa da siririn bangon allon jifsam (farin allon da ake raba ɗakuna da shi) da ba a cusa masa komai a ciki ba. Da wannan, na waje zai ji ana magana, kuma in an ɗaga murya zai tsinci kalmomi. Gilashin da aka manna falle biyu da ledar musamman mai shanye sauti a tsakiya yakan kusanci 40. Katanga mai gilashi biyu da rata ta iska a tsakaninsu tana kaiwa 45 zuwa 50, inda hirar ciki ke zama gunaguni ko ta ɓace gaba ɗaya.

Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba. Kowane kaurin gilashi yana da wani amo da yake rawa tare da shi, ya bar shi ya wuce cikin sauƙi. Ga gilashi mai milimita 10 zuwa 12, wannan amon ya faɗo daidai cikin zangon muryar mutum. Shi ya sa ƙara kauri kaɗai ba ya biyan buƙata yadda ake zato, kuma shi ya sa a katanga mai gilashi biyu ake so kaurinsu ya bambanta, don raunin ɗaya kada ya haɗu da raunin ɗayan.

Amma duk wannan lissafi na gilashin ne shi kaɗai, a ɗakin gwaji. A ofis, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sauti yana bin duk inda iska ke bi. Yana bi ta ƙarƙashin ƙofa. Yana bi ta ratar da ke tsakanin ƙyaure da firam. Yana haurawa ta saman silin ɗin da aka rataya, ya sauka a ɗakin da ke maƙwabtaka, idan katangar a silin ta tsaya ba ta kai ainihin rufin siminti ba. Yana bin bututun na'urar sanyaya ɗaki da ya ratsa ɗakuna biyu. Sau da yawa za ka ga an kashe kuɗi a kan gilashi biyu, sannan aka sa ƙofa mai zamewa wadda yatsa ke shiga ta gefenta. An yi ba a yi ba ke nan. Ƙofa mai zamewa tana da kyau kuma ba ta cin fili, amma in ana son sirrin magana, ƙofa mai hinji ake so, da robar toshe rata a gefunanta, da wata robar da ke sauka ta toshe ƙasa idan an rufe. Saman silin kuma a gitta masa shamaki daidai kan layin katangar.

To me ya sa wasu ɗakunan gilashi suke amsa-kuwwa?

Tare sauti daban, shanye shi daban. Gilashi yana hana murya fita, amma ba ya shanye ta, mayar da ita yake yi cikin ɗaki. Idan ɗakin taro yana da gilashi ta fuska uku, da tayil a ƙasa, da tebur mai santsi, murya za ta yi ta kai da komowa. Waɗanda ke cikin ɗakin suna iya jurewa, amma wanda ke sauraro ta intanet daga wani wuri zai ji kamar daga cikin rijiya ake magana. Maganin ba shi da wuya: kafet a ƙasa, silin mai shanye sauti, kujeru masu yadi, da allunan soso a bangon da ba na gilashi ba. Shi ya sa ya fi kyau a bar wa kowane ɗakin taro aƙalla bango ɗaya na gaske.

Yaya batun sirri? Ba kowa ke son a riƙa kallonsa ba.

Gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne mutum ya ce ba ya so. Hanyoyin suna da yawa. Mafi sauƙi ita ce ledar hazo da ake mannawa a tsakiyar gilashin, daga wajen tsayin tebur zuwa saman kan wanda ke zaune. Haske yana wucewa ta sama da ƙasa, mai wucewa ya san akwai mutane a ciki, amma ba ya karanta takardar da ke kan tebur. Leda tana da wata fa'ida: in ra'ayi ya sauya, ɓare ta ake yi. Gilashin da aka dusashe da yashi ko da sinadari tun daga masana'anta kuwa haka zai zauna har abada.

A katanga mai gilashi biyu ana iya sa labulen sanduna a cikin ratar, inda ƙura ba ta kai masa, hannu ma ba ya lanƙwasa shi. Akwai kuma gilashi mai sauya kama da lantarki: in an kunna ya zama garai, in an kashe ya yi fari kamar hazo. Abin lura a nan shi ne hazon ne asalin yanayinsa, don haka ko wuta ta ɗauke ɗakin a rufe yake. Yana da tsada, kuma yawancin ɗakuna leda ta ishe su.

Abin da aka fi mantawa shi ne allon kwamfuta. Kafin a kafa katanga a tsaya a inda mutane za su riƙa wucewa, a duba allon wa ake hange. Mai lissafin albashi da mai kula da bayanan ma'aikata, juya teburinsu kawai yakan wadatar.

Ba za ta mayar da ofis wurin sa ido ba?

Tana iya mayarwa, kuma wannan ba laifin gilashi ba ne, laifin niyya ne. Ethan Bernstein ɗin nan da aka ambata a sama ya yi wani bincike da ya fito a 2012 a wata masana'antar haɗa wayoyin hannu a ƙasar Sin, inda aka tsara layukan aiki yadda shugabanni za su ga kowa. Ya gano cewa ma'aikata suna ɓoye dabarun da suka ƙirƙiro na saurin aiki duk lokacin da ake kallonsu, don gudun tambaya. Da aka kewaye wasu layukan da labule, aikin da suke fitarwa ya ƙaru da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Wanda ake kallo kullum yakan koma nuna aiki maimakon yin aiki.

Amma gani yana da nasa alherin idan ya zama ta ɓangare biyu. Ƙaramin ma'aikaci yana hango ko shugabansa yana kan waya kafin ya ƙwanƙwasa. Sabon ɗauka yana ganin yadda ake gudanar da taro tun kafin a gayyace shi. Mace ko namijin da aka kira ganawa ta mutum biyu ya fi samun natsuwa a ɗakin da ake hangowa daga waje, kuma wanda ya kira ganawar shi ma ya tsira daga zargi. Ma'auni mai sauƙi shi ne: idan shugaba yana ganin kowa ta gilashi amma shi ya sauke labule a nasa ɗakin kullum, ma'aikata za su fahimci saƙon ba sai an faɗa musu ba.

Idan ya fashe fa?

Gilashin taga na gama-gari, wanda ke fashewa ya bar dogayen tsinaye kamar wuƙa, ba shi da wuri a katangar ofis ko kaɗan. Iri biyu ake amfani da su.

Na farko shi ne gasasshen gilashi, wanda 'yan sana'ar ke kira tamfad. Ana zafafa shi sama da digiri 600 a ma'aunin Salshiyas, sannan a huce fuskokinsa da iska mai ƙarfi nan take. Fatar waje ta daskare ta matse, cikin yana ja, sai ƙarfinsa ya ninka na gama-gari sau huɗu zuwa biyar. In ya fashe, dagargajewa yake yi ya zama ƙananan tsakuwoyi marasa tsini sosai. Rauninsa a gefe yake: ana iya dukan tsakiyarsa ya jure, amma ƙarfe ya ɗan ƙwanƙwashi bakinsa ya tarwatse. Kuma da zarar an gasa shi ba a yanka shi, ba a huda shi. Duk ramin hannun ƙofa da na hinji sai an yi tun kafin gashi. Saboda haka awo ya zama daidai tun farko, domin kuskuren santimita ɗaya yana nufin sabon gilashi.

Na biyu shi ne mai leda a tsakiya, irin na gaban mota. Wani Bafaranshe masanin sinadarai, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1909. In ya fashe, tsagewa yake yi kamar saƙar gizo-gizo amma ledar ta riƙe gutsattsarin a wurinsu. Duk inda mutum zai iya faɗowa daga sama idan gilashi ya bar wurinsa, kamar gefen bene ko matakala, irin wannan ake buƙata, kuma injiniya ne zai faɗi kaurinsa.

Akan ji labarin gasasshen gilashi ya fashe shi kaɗai da dare ba wanda ya taɓa shi. Yana faruwa, ko da yake ba kasafai ba. Wani ɗan ƙwayar sinadarin nikel da ke maƙalewa a ciki tun wajen narkawa ne ke kumbura a hankali, bayan watanni ko shekaru. Masana'antu suna da gwajin da suke yi: a sake mayar da gilashin cikin tanda na wasu sa'o'i, mai lahanin ya fashe a can maimakon a ofis. Ka nemi wanda aka yi wa wannan gwaji. Ka kuma duba kusurwar kowane falle, gilashin aminci na gaske yana ɗauke da tambarin da ba ya gogewa, mai nuna ƙa'idar da ya cika.

Mutane ba sa yin karo da shi?

Suna yi, kuma wannan ya fi fashewa yawan faruwa. A farkon 2018 jaridu sun ruwaito cewa an kira motar agajin gaggawa zuwa sabuwar hedikwatar kamfanin Apple da ke Kalifoniya bayan wasu ma'aikata sun buga kai da bangon gilashi. Tsaftataccen gilashi ba ya ganuwa, balle ga mai tafiya yana duba waya. Dokar gini a Ingila ta wajabta sa alama a kan irin wannan gilashi a matakai biyu: tsakanin milimita 850 zuwa 1000 daga ƙasa, da kuma tsakanin 1400 zuwa 1600, don mai tsaye da mai keken guragu da yaro duk su gani. Ɗigo-ɗigo ne, ko layi, ko tambarin kamfani, duk ya yi, muddin launinsa ya bambanta da abin da ke bayansa. Ko dokar inda kake ba ta ce komai ba, ka sa. Ƙofa kuma a yi mata alamar da ta bambanta da ta sauran katangar, don baƙo ya gane mashiga.

Yana jure gobara?

Gasasshen gilashi na gama-gari ba ya cikin masu jure gobara, kada ƙarfinsa ya ruɗe ka. Akwai gilashi na musamman da aka gwada. A tsarin Turai harafin E yana nufin yana tare harshen wuta da hayaƙi, EW yana ƙara rage zafin da ke ratsowa, EI kuma yana tare zafin sosai har a iya wucewa ta gefensa. Lambar da ke biye, kamar 30 ko 60, mintuna ce. Nau'in EI yana da wani sinadari a tsakanin fallayensa da ke kumbura ya yi kumfa idan ya ji wuta. Abin da ake gwadawa kuwa ba gilashin kaɗai ba ne, har da firam da ƙofa da robobinta. In aka sa gilashi mai jure wuta a firam na gama-gari, takardar shaidar ba ta da amfani. Duk katangar da ke gefen hanyar tsira ko matakala, a tuntuɓi hukumar kashe gobara ko injiniyan gini kafin a taɓa ta.

A wani gefen, gilashi yana taimakawa: ana hango hayaƙi da wuri, ana kuma ganin ko akwai wanda ya rage a ɗaki ba tare da an buɗe kowace ƙofa ba.

Nawa ne nauyinsa, kuma yana rage cin fili?

Lissafin ba wuya. Kowane milimita na kauri yana da nauyin kilo 2.5 a murabba'in mita. Mai milimita 12 ke nan kilo 30. Falle ɗaya mai faɗin mita 1.2 da tsayin 2.8 ya kai kilo 100. Bai kai bangon bulo nauyi ba ko kusa, abin da ya sa ya dace da benen da ba a tsara shi don ƙarin bango ba. Amma a tuna da hanyar shigo da shi. Falle mai kusan mita 3 ba ya shiga kowace lifta, ba ya kuma juyawa a kowace matakala.

Wajen fili, bangon jifsam yakan ci kimanin santimita 10, na bulo ya fi haka, gilashi falle ɗaya da ƙarfen da ke riƙe shi kuwa santimita 3 ne ko ƙasa. Ribar ba ta da yawa a kan takarda. A ido ne take da yawa: ɗaki mai mita 2 da mita 3 in da bango ne kurkuku ne, in da gilashi ne wurin aiki ne.

Kada a manta, gilashi ba ya ɗaukar nauyin gini. Rufi da bene sukan ɗan yi motsi, don haka ƙarfen sama ana barin masa rata yadda silin zai sauka kaɗan ba tare da ya danne gilashin ba.

Ana iya cire ta a kai wani wuri?

Ana iyawa idan tun farko irin mai kwancewa aka saya, wadda aka haɗa da kusoshi da robobi a firam ɗin alminiyum. Ga mai haya wannan babbar fa'ida ce: babu fasa bulo, babu jiran siminti ya bushe, babu fenti, kuma ana iya aikin a ƙarshen mako. Sai dai tunda gasasshen gilashi ba ya yankuwa, sabon wurin dole tsayin silin ɗinsa ya yi daidai da na tsohon, ko a cike saman da wani abu. Wanda ke sa ran sauye-sauye gara ya zaɓi fallaye masu faɗi iri ɗaya.

Ɗakin ba zai yi zafi ba?

Zai yi idan an kewaye shi ba a yi tunanin iska ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi: a yanki wani ɓangare na babban zaure a rufe da gilashi, alhali na'urar sanyaya ɗaki an tsara ta ne don fili ɗaya. Mutum shida su shiga taron awa guda, iskar da suke fitarwa ta taru, kai ya yi nauyi, barci ya fara ɗaukar mutane. Kowane rufaffen ɗaki yana buƙatar mashigar iska da mafitarta. Idan kuma ɗakin yana jikin tagar da rana ke duka, labule a jikin tagar waje ake sa shi, ba a jikin katangar ciki ba.

Wayoyin lantarki da intanet fa?

Siginar intanet marar waya tana ratsa gilashi garai fiye da yadda take ratsa siminti, sai dai wanda aka shafa wa sinadarin ƙarfe. Matsalar ita ce soket da makunni, domin babu cikin bango da za a binne waya. Sai a bi ta ƙasa, ko ta silin, ko ta cikin ginshiƙin ƙofa. Tun ran gini tun ran zane: a kira mai aikin lantarki kafin a aika awo masana'anta.

Tsaftacewa tana da wahala?

Ba ta da wahala, tana da yawa. Gilashi ba ya shan datti, ba ya buƙatar sabon fenti, amma yana nuna kowane yatsa, musamman kusa da hannun ƙofa. Tsumma mai laushi da ruwan wanke gilashi sun isa. A guji soso mai kaushi da reza, balle a kan leda. Hinji da robobi su ne ke tsufa, a riƙa duba su, domin ƙofar da ta fara jan ƙasa bakinta ne ke cikin haɗari.

Ta fi bango tsada?

A ranar saye, yawanci ta fi bangon jifsam tsada, mai gilashi biyu kuma ta fi sosai. Abin da ke daidaita lissafin shi ne shekaru: babu fenti, ana iya kwancewa a sake kafawa, aiki ba ya tsayawa na makonni. Hanya mafi kyau ta rage kuɗi ba sayen mai araha ba ce, araha ba ta ado. Rarrabewa ce: gilashi biyu ga ɗakuna ɗaya ko biyu da ake tattauna sirri, falle ɗaya ga sauran, bango na gaske a tsakanin ɗaki da ɗaki inda babu hasken da za a ratsar.

Akwai inda bai kamata a sa gilashi ba?

Akwai. Ɗakin da ake sanar da mutum an sallame shi, ko ake sauraron ƙorafinsa, ko yake ganawa da likitan ma'aikata. Mutumin da hawaye ya zo masa bai kamata ya zama abin kallon abokan aikinsa ba, kuma ledar hazo ba ta ɓoye wanda ya shiga da yadda ya fito. Haka ɗakin masu shayarwa, da ɗakin ajiyar manyan na'urorin kwamfuta, da sito, wanda ba abin da gilashi zai nuna sai tarkace. Bangon da za a rataya kanta ko babban allon talabijin shi ma a bar shi bango.

Me zan tambayi ɗan kwangila kafin mu yi yarjejeniya?

Ka tambaye shi adadin desibel na katangar gaba ɗaya har da ƙofa, ba na gilashin kaɗai ba, kuma ya nuna maka takardar gwaji. Ka tambaye shi me zai yi da saman silin. Ka tambayi nau'in gilashin da kaurinsa, ko yana da tambari, ko an yi masa gwajin tanda. Ka tambayi wa zai ɗauki asarar idan awo ya kuskure, da kwana nawa ake ɗauka kafin a kawo madadin falle idan ɗaya ya fashe bayan shekara biyu. Sannan ka roƙe shi ya kai ka wani ofis da ya yi wa irin wannan aiki. Gani ya kori ji, amma a wannan karon jin ake nema: ka shiga ɗakin da wani, ka bar shi a ciki ya rufe ƙofa ya karanta jarida da muryarsa ta yau da kullum, kai kuma ka tsaya a waje, taku biyu daga gilashin, ka ga ko za ka iya maimaita abin da ya karanta.